Motar Obadiya

Hammajoda ɗan makiyaya ne, amma ciwon bushiya ya cinye garken mahaifinsa tun yana goye, shi ya sa ya tashi a garin Bauchi ya yi makaranta har midil. A shekarun da ake ta maganar mulkin kai yana karatun kasuwanci ta gidan waya: a aiko masa darasi daga Ikko, ya amsa, ya mayar. Da labari ya bazu sai 'yan kasuwa suka fara sallama a zaurensa, wannan na tambayar ko ya shiga harkar fata, wancan ko ya haɗa jari da ƙaninsa. Da ɗan goron da suke ba shi yake riƙe gida. Matarsa Kubura takan ce tun da ya fara karatun nan bai ci tuwo da zafinsa ba.

Ana gab da jarrabawa abokinsa Obadiya ya zo, wani kafinta mutumin Dass. So yake ya ji ko ya sayar da shagonsa ya sayi tsohuwar motar kaya ya riƙa bin hanyar Jos. Hammajoda ko kai bai ɗago daga takarda ba.

"Saya mana," ya ce. "Duniya ta koma kan taya."

Obadiya ya ɗan jima a bakin ƙofa, hula a hannu, sannan ya tafi.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya shanye wata gada a hanyar, ya tafi da motar. An tsamo motar. Obadiya kuwa har yau.

Hammajoda ya ci jarrabawa, amma daga nan duk wanda ya yi sallama neman shawara sai Hammajoda ya ga kamar akwai wani tsaye a bayan mutumin, ga ƙanshin sabon katako ya cika zauren. Ba ya magana, jira kawai yake. Kubura ta ce ya yi sadaka, ya yi, abin bai daina ba. Shekarar da aka samu 'yanci aka kira shi aiki Kaduna, ya ƙi, don hanyar ta kan gadar nan take bi.

Bayan shekaru, Liatu matar Obadiya ta zo. Ɗansu ya girma, ya nace sai ya koyi tuƙi. Hammajoda ya ture littattafansa, ya yi ta yi mata tambayoyi har aka kira la'asar, daga ƙarshe ya ce shi dai bai sani ba. Ta dube shi, ta gane abin da ke cinsa.

"Malam, ai ya riga ya gama cinikin motar kafin ya zo wurinka," ta ce. "Ko ka hana shi, da ya saya."

Ya zaci zai ji sanyi. Sai ma ya shiga tunanin, to me ya kawo Obadiya ranar, me yake so a tambaye shi?

Yaron ya zama direba, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Duk ranar da motarsa za ta shigo gari ana ganin Hammajoda zaune a benci a tasha, har ya tsufa. Bai taɓa yi wa yaron magana ba. Da ya ga ya sauko sai ya tashi ya kama hanyar gida.