Jar Fitilar Inna

Tun muna yara Yayana ba ya yarda abu ya lalace haka kawai. In kofi ya fashe, sai ya tara mu ya ji wa ya ɗauka, wa ya ajiye, a ina, da wane hannu. Fasasshen kofin na nan a ƙasa ba wanda ya share, shi yana can yana bincike. Abokansa suka laƙaba masa Malam Dalili, sunan kuma ya bi shi har wurin aiki.

Allah da ikonsa, sai zamani ya zo da aikin da ya dace da wannan hali. Kamfaninsu na harkar wakilan na'ura ne, irin masu ƙirƙirarriyar basirar nan da ake sakawa a waya su riƙa yi wa mutum hidima: su yi odar kaya, su kira mota, su kama layin ganin likita. Yaya ba ya ƙera su, gadinsu yake yi. Na taɓa zuwa ofishin. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firji, kujerarsa ta lotsa daidai jikinsa, ga shayin da ya huce tun safe a gefen linzamin kwamfuta. A gabansa babban allo ne cike da 'yan ɗigogi, kowane ɗigo wakili guda. Kore, lafiya lau. Da zarar ɗaya ya yi ja, sai ya buɗe manhajar bin sawu, wadda ke nuna masa abin da aka ce wa wakilin, abin da ya fahimta, inda ya nufa da inda ya yi tuntuɓe. Har baya yana iya mayar da abin kamar bidiyo. Ban taɓa ganin mutum na murna da ɓarna irin Yaya ba.

Da Baba ya rasu, Inna ta rage ita kaɗai a gida. Ni ina bayan layinta, shi kuma yana ɗaya gefen garin, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba. Sai ya saka mata wakili a waya, ya riƙa tuna mata maganin hawan jini, ya yi odar gas, ya kira mata mota. Ɗigonta kuma ya ajiye shi a kusurwar allonsa, can sama, shi kaɗai.

“Yaya, Inna na cigiyarka,” in ce masa.

“Ai kullum ina ganinta,” ya ce. “Ko yanzu kore take.”

Inna ta sa wa abin suna Ɗan Aike. Har sannu da aiki take yi masa.

Jar fitila ta farko da ɗigon Inna ya nuna ta gaskiya ce. Inna ta kira maganinta da tsohon sunansa, Ɗan Aike ya rikice ya yi odar wani daban. Kafin la'asar sai ga Yaya a ƙofar gida, yana haki. Ya zauna a tabarma ya karɓi wayar, ya daddanna, ya ci abinci har da ƙari, ya ma ɗan kishingiɗa a inda Baba ke kishingiɗa. Ina kallon Inna tana kallonsa. Tsohuwar da ba ta iya ajiye lamba a waya ba, a ranar ta gane yadda ake kiran ɗanta.

Daga nan Ɗan Aike ya shiga uku. Ta ce ya kawo gas, ta ce ya fasa, ta ce ai ita ba ta ce ya fasa ba. Ta sa ya kira mota zuwa shagon Baba, wanda aka rushe tun ina makaranta. Wata rana na same ta ta jingina wayar da rediyo, bawan Allah yana ta karɓar umarni daga mai karanta labarai.

“Inna, mene ne haka?”

“Ke dai yi shiru. Kuma kar in ji kin gaya wa yayanki. Ni ba zan roƙi ɗan da na haifa ya zo ya gan ni ba.”

Dabarar ta ci na ɗan lokaci, ya zo, ya sake zuwa. Sai kamfanin ya sayo sabuwar manhaja da ke ba shi damar yin gyara daga kujerarsa. Inna ta ɓullo da wayo da safe, kafin azahar ya toshe. Ya koya wa Ɗan Aike ya riƙa tambaya kafin ya fasa oda, ya koya masa bambanta muryar Inna da ta rediyo, ya goge shagon Baba daga taswira. Kowane gyara da saƙonsa: “An gyara, Inna.” Har lacca ya yi wa abokan aikinsa a kan wata tsohuwa mai wuyar sha'ani da ta taimaka musu suka gano kurakurai masu yawa. Aka tafa masa, aka ƙara masa girma. Da ya ba ni labari yana washe baki, na ji kamar in kwaɗa masa wayar a ka.

A ƙarshe Ɗan Aike ya zama ba ya ruɗuwa ko me aka ce masa. Ɗigon Inna ya yi kore shar, ya zauna a haka. Ta janye kujerarta daga bakin ƙofa ta mayar ɗaki. Ta daina sa ni sayo irin ganyen shayin da Yaya ke so. Abin ya yi mini ciwo, amma na yi mata alkawari, na kama bakina.

Halin nasa ne dai ya cece shi. A aikinsu, in fitila ta daɗe tana kore ba ko ƙyaftawa, ba sa murna, zargin na'urar sa idon suke yi ko ita ce ta mutu. Sai ya buɗe sawun Inna don ya tabbatar. Shi kuwa duk tsawon lokacin nan taƙaitaccen bayanin da manhaja ke fitarwa yake karantawa, don ya fi sauri. Bai taɓa danna wurin sauraren murya ba sai ranar.

Ya kira ni, ko sallama babu, ya kara mini wayarsa a lasifika. Na ji muryar Inna daga kwanakin baya, tana raɗa-raɗa: “Ɗan Aike, yi haƙuri, yau ma zan ɗan ruɗa ka. Ba laifinka ba ne. So nake ya zo.” Ya tsallaka zuwa maganarta ta ƙarshe. “Shi ke nan, huta abinka. Ya fi mu wayo, ni da kai.”

Sai ya kashe sautin.

“Kin sani?” ya ce.

“Yaya, har mai kawo gas ya sani.”

Na jira ya tambaye ni dalili, bai tambaya ba.

Bayan kwana biyu, Inna ta ce wa Ɗan Aike ya kira mata mota zuwa asibiti, sai ya tambaye ta ko shagon Baba take nufi. Ta zaro ido ta dube ni. Ta ce ya kawo gas, ya ce ya fasa. Ta jingina shi da rediyo don ta gwada, nan take ya fara yi wa mai labarai biyayya. Duk gyaran da aka tafa wa Yaya a kai, ya bi ya warware, in ban da na magani.

Da yamma sai ga shi, da jakar kwamfutarsa a kafaɗa. Ya zauna a tabarma ya karɓi wayar yana jujjuyawa, ko buɗe ta bai yi ba.

“Ka gano matsalar?” in ji Inna.

“Mai wuya ce, Inna. Daga ofis ba za ta gyaru ba. Sai na yi ta zuwa.”

“Kai da ake ta yabonka.”

“Na kasa, Inna.”

Ta gyara zaman mayafinta, ta juyo gare ni ba tare da ta dube shi ba.

“Ke, miƙe ki je shago. Ganyen shayin nan ya ƙare.”