Mataccen Agogon Kan Firji

Shekara arba'in da 'yan kai Mai Agogo ya yi a wani ɗan shago da ba ya isa a miƙe ƙafa, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tonon cikin agogunan mutane. Bai san wasa da lokaci ba. In ya ce maka ƙarfe huɗu ka zo huɗu da minti biyar, sai ya dube ka ya dubi agogon bango, ka ji a jikinka. Da wayar hannu ta cika gari, kasuwarsa ta mutu. Ya rufe shago ya koma gida da akwatin kayan aiki da wata mage da ya tsinta a ƙarƙashin teburinsa, wadda yake kira Tsintuwa. Bayan shekara biyu mai ɗakinsa ta rasu, gida ya zama daga shi sai magen.

Can sai Tsintuwa ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana ci tana ramewa. Likitan dabbobi ya ce ciwon suga ne, sai allurar insulin sau biyu a rana, awa goma sha biyu tsakani. 'Yarsa Auta, wadda ta raka shi, ta yi dariya har da hawaye.

"Baba, magen taka ma ciwon manya ta zaɓa."

Shi kuwa abin nema ya samu. Bakwai na safe zai zuba mata abinci ya tsaya a kanta, don likita ya ce kada a yi allura ba ta ci ba. Sai ya ɗauko kwalbar daga firji, ya mirgina ta a tafin hannu a hankali, ya maƙala tsohon gilashinsa ya ja ruwan a sirinji zuwa layi na biyu, ya ɗaga fatar bayan wuyanta ya soka. Ko motsi ba ta yi. A kan firjin ya ajiye wani mataccen agogo. In ya yi ta safe, sai ya kai hannayen agogon kan sha biyu, in ya yi ta yamma ya sauke su kan shida. Shekara uku bai saɓa ba.

Amma tsufa ba ya sallama. Ya fara barin buta a kan wuta har ta ƙone, ya nemi makulli alhali yana hannunsa. Auta ta yi ta roƙonsa ya koma gidanta, shi kuwa yana tsoron ranar da za a ce ba zai iya riƙe kansa ba.

"Dubi Tsintuwa," yake ce mata. "Wanda ya ruɗe ne zai riƙe ta haka? Ran da na saɓa mata, ki zo ki kwashe ni."

Wata safiya ya gama allurar ke nan maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa yana neman aron tsani. Suka ɗan taɓa hira. Da ya dawo ya dubi kan firji, ya ga hannayen a kan shida. Ya sake ɗauko kwalbar.

Kafin rana ta take, Tsintuwa na tangaɗi a tsakar ɗaki, ta faɗi tana karkarwa. Ya lakaci zuma ya goga mata a dasashi kamar yadda aka koya masa, ya kira Auta. A asibiti aka sa mata ruwa, da ƙyar ta farfaɗo. Likita ya ce suganta ne ya faɗi warwas.

"Wataƙila ba ta ci sosai ba ne, Baba," in ji Auta a hanyar dawowa. "Kada ka sa wa ranka damuwa."

Da suka shiga gida, ya ga murfin allura biyu a kan tebur, gefe da gefe. Auta na waje tana sallamar mai tasi. Da a ce ya sa ɗaya a aljihu, da babu mai sani har abada. Ya daɗe tsaye a kansu, sannan ya kira ta ya nuna mata.

"Sau biyu na yi mata, Auta. Ni ne na kusa kashe ta. Nemo mana mota."

Yanzu suna gidan Auta su biyun. Ita ke yin allurar, kuma ta ɗora mataccen agogon a kan nata firjin. Kullum da safe yakan leƙo kicin ya tambaya ko an yi wa Tsintuwa, ta nuna masa hannayen a kan sha biyu, ya gyaɗa kai ya koma. Wani lokaci sau uku yake tambaya.

Ran nan da ta nuna masa, sai ya ɗauki agogon ya kara a kunne, ya jujjuya shi kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Ai wannan ya mutu. Miƙo min akwatina in gyara miki."

Auta ta karɓa a hankali ta mayar da shi wurinsa, ta juya masa baya don kada ya ga idonta.

"Bar shi, Baba. Wanda ya ba ni ya ce haka yake aiki."