Ranar da A-kori-kura Ta Sha Ruwa

A da, idan mutum ya sayi mota a ƙasarmu, da ita zai tsufa. Akan san direba da motarsa kamar yadda ake sanin manomi da shanun huɗarsa. Ƙarfen jikinta mai kauri ne, in ta daki kututture sai bakanike ya sa guduma ya miƙar da wurin, a ci gaba da tafiya. Motocin da ke shigo mana yanzu sun fi kyau a ido, sun fi sanyi a ciki, amma ka danna ƙofa da yatsa sai ta lotsa. In kuma wani ɗan abu ya lalace a ƙwaƙwalwarta, babu mai iya taɓa ta tsakanin Ƙanƙara da Sabuwa, sai an ja ta zuwa birni.

Ƙanena, wanda ke bi mini, yana da a-kori-kura irin ta da. Shi ya zauna a gidan mahaifinmu a Tafoki, ni kuwa aikin sayo kayan injinan noma ya ɗauke ni tun ina saurayi, na zauna a Nijar da Sudan da Jidda, daga baya Jamus. Duk dawowar da zan yi, motar nan ce ke ɗauko ni daga Faskari. Fentinta ya koɗe, an sauya mata kujera, an ɗaure murfin baya da igiya, amma injin bai taɓa ba shi kunya ba. Ita ke kai masara da dawa da waken suya na mutanen garin kasuwar 'Yankara, ita ke kai mai naƙuda asibiti, da ita ya ciyar da gidansa ya aurar da 'ya'yansa. Ba shi da wata sana'a, gonar gado ma aro ya bayar.

Da aka janye tallafin mai, na riga na dawo gida gaba ɗaya, don haka a gabana abin ya faru. Lodin da a da yake barinsa da cefane ya koma ba ya ko mayar da man da aka sha. In ya ƙara kuɗin buhu, manoma su ce ba za su iya ba, kuma gaskiya suka faɗa. Sai ya koma fita ranar kasuwa kawai. Sauran kwanaki motar na ajiye a ƙofar gida, awaki na kwance a inuwarta.

A lokacin ne wani hoton bidiyo ya cika wayoyin mutane. Wata doguwar bas ce a ƙasar Turai, ana nuna salansarta tana ɗigar da ruwa garai, ba hayaƙi. Kowa na cewa Turawa sun ƙera motar da ke shan ruwa. Na daɗe ina tunanin abin da ya sa maganar ta shiga mutanenmu da sauri haka, kuma ina jin a bakinmu take. Mu ba mu cewa mota tana ƙona mai, cewa muke tana shan mai. Duk abin da ke yi wa manomi aiki kuwa ruwa yake sha, sa da jaki da raƙumi. Mota ce kaɗai ta fita zakka take shan abin saye. Da aka ce an sami wadda ke shan ruwa, sai mutane suka ji kamar an mayar da ita cikin sauran dabbobi ne, inda ya kamata ta kasance tun farko.

Ban ga laifinsu sosai ba, domin su kansu masu abin, da ruwa suka haɗa sunansa. Waccan bas da wata irin iska take aiki a madadin mai, Jamusawa suna kiran iskar da sunan da ke nufin sinadarin ruwa. Sunan da Faransawa da Ingilishi ke amfani da shi, wanda Larabawa ma suka ara, ma'anarsa mai haifar da ruwa. Na shiga irin bas ɗin a can. Tana tafiya shiru, kuma lallai ruwa ke fita ta bayanta. Amma iskar a masana'anta ake yin ta, a matse ta cikin tukwane masu kaurin da aka gwada aka sake gwadawa, kuma ko a can gidajen sayar da ita kaɗan ne, masu ƙananan motoci suna kuka da hakan.

Wata ranar kasuwa na bi ƙanena 'Yankara. Kusa da tasha muka tarar da direbobi sun kewaye wani baƙo mai farar riga. Ya buɗe gaban wata ƙaramar mota, ya ɗaure kwalba a gefen inji, a cikinta ruwa da kanwa da faranta biyu na ƙarfe, waya ta tafi batir, siririn tiyo ya tafi inda inji ke shaƙar iska. Da ya tayar da motar sai ruwan ya shiga ɓulɓulowa. Ya ce wannan kumfar ita ce iskar Turawa, wanda ya ɗaura kwalbar zai rage shan mai da fiye da rabi, kuma da ya gama bincikensa za a daina sayen mai ɗungurungum. Wani ya raɗa masa cewa na zauna a Turai, sai ya juyo gare ni da fara'a.

"Alhaji, ku da kuka gani da idonku, ku faɗa musu."

Na ce masa na ga ruwa yana fita, ban ga inda yake shiga ba.

Wani tsohon direba daga baya ya ce, "To Baba, abin da ya fita ai shiga ya yi. Ko saniyata haka take."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Dariyar ce ta rufe maganata, baƙon ya ci gaba da ciniki.

A hanyar komawa na yi wa ƙanena bayani iyakar iyawata. Na ce ruwa kamar toka yake, shi ne abin da ya rage bayan iskar ta riga ta ƙone, kuma ba a hura wuta da toka. Ana iya raba ruwa a fitar da iskar, kumfar da ya gani ba ƙarya ba ce, amma ƙarfin da ake kashewa wajen rabawar ya fi wanda za ta mayar. Ƙarfin daga batir yake zuwa, batir daga inji yake samu, inji kuma mai yake sha. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, domin bai taɓa musu da ni ba tun muna yara. Muna dab da gari ya yi magana, idonsa na kan hanya.

"Yaya, na ji, kuma ban ce ka yi kuskure ba. Amma kai bas ka gani, ni kuwa buhunan mutane nake gani jibge a zaure. In na bar ta a ajiye ta mutu. In na gwada, wataƙila."

Kasuwa ta gaba ya dawo da kwalba a gefen injinsa.

Makonnin farko yana cewa ya ga sauƙi. Ina zaton ƙafarsa ce ta yi sauƙi a kan totur, don mai sa ido kan mai yakan tuƙa a hankali. Abin da ba wanda ya lura da shi, har da ni, shi ne baƙon a kan shimfiɗaɗɗen fili ya nuna kayansa, mota na tsaye. Hanyarmu kuwa gargada ce da ramuka. Ranar da abin ya faru da hantsi, motar na ɗauke da masara, ta faɗa wani rami da damina ta bari, kwalbar ta girgiza, inji ya zuƙe ruwan kanwar ta cikin tiyon. Ƙanena ya ce ya ji ƙara guda kamar an buga tabarya a turmin da ba hatsi, sai komai ya tsaya. Wurin daji ne, irin inda ba a son la'asar ta tarar da mutum a shekarun nan. Masu kaya suka tsaya a kan buhunansu suna duban kowace kusurwa, har aka samo babura aka kwashe, aka jawo motar zuwa Faskari.

Na je garejin washegari. Bakaniken, dattijo ne da ya daɗe yana duba motar, ya buɗe injin ya nuna mana sandar fistin ta lanƙwashe, ta kuma fasa gefen injin. Ya ce ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga sai ƙarfe ya ba da hanya. Baƙon kuwa ba a sake ganinsa a 'Yankara ba, an ce ya yi wajen Sabuwa.

Duk da haka mun sa rai, domin motar ta sha tashi daga abin da ya fi kama da mutuwa. Aka aika Funtuwa aka sayo kayan gyara. Kwalinsu irin na da ne, da tambari da rubutu, amma da bakaniken ya ɗora sabon ƙarfen a tafin hannu ɗaya, tsohon a ɗaya, ya miƙo mini, ni ma na ji bambancin nauyi. Na yi shekaru ina sayen irin waɗannan kaya, na san yadda ƙarfe mai kyau yake amsawa in an ƙwanƙwasa shi. Wannan bai amsa ba. Ba mu da wani, aka haɗa. Motar ta tashi, ta yi 'yan kasuwanni tana hayaƙi, kafin kaka ta ƙare injin ya sake bugawa. Bakaniken ya ce jikinta zai iya wasu shekarun, amma babu sauran injin kirki irin nata da za a samu, na jabu kuwa zai ci gaba da cinye kuɗin ƙanena ne kawai.

Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo daga Ƙanƙara. Ƙanena bai tsaya ganin yadda za su yanka ta ba, ya bar ni da su ya shiga gida. Sun yi ta ƙorafin cewa ƙarfen ya cika tauri, yana cinye musu bakin zarto.

Ya karɓo gonar gado, yana nomawa da 'ya'yansa, kuma bai sake riƙe sitiyari ba. Hatsin unguwarmu yanzu a kan babura yake zuwa 'Yankara, buhu bibbiyu, mai naƙuda ma a babur ake ɗora ta. Tun daga ranar babu mota a gidanmu.