Mita Uku Tsakanina da Kakana

Har yau a gidanmu ana cewa na'urar nan ƙarya ta yi. Ba ta yi ƙarya ba, mu ne ba mu iya aiki da ita ba. Na gaji da maimaita wannan da baki, shi ya sa na rubuta.

Shekarun baya kaɗan kakana ya fara mantuwa. Zai fita sallar azahar, sai a tsince shi a tashar trotro, motocin haya, yana neman motar Tafo, wai zai gaida ƙanensa da ya rasu tun ina firamare. Ga ciwon suga. Yayana, mai gyaran wutar mota a Suame, ya kawo wani ɗan abu kamar maɓallin riga, muka ɗinke shi cikin hular tsohon. Aka haɗa shi da wayata tunda ni ce kullum a gida. In na buɗe, sai ta nuna min nisan da ke tsakanina da hular.

Wata safiya mahaifiyata ta yi masa allurarsa, ta shiga ɗauko koko, ta fito babu shi. Duk mai jinyar suga ya san abin da allura ba abinci take yi. Mutum zubewa yake, wani ba ya tashi.

Na buɗe waya, ta ce mita huɗu. Na ce to yana gida. Muka duba ɗakinsa, banɗaki, bayan tankin ruwa, har ƙarƙashin gado na leƙa, kamar tsoho mai ciwon gwiwa zai shige can. Lambar kuma sai tsalle take: huɗu, sha ɗaya, uku, can ta ɗauke gaba ɗaya.

"Ajiye shirmen nan ki fita neman mutum!" in ji mahaifiyata.

"Mma, ta ce yana kusa."

"Kusa ina? Cikin aljihunki?"

'Yan haya suka bazu, wasu tasha, wasu masallaci. Ni na kira yayana.

"Yaya, abin naka ya haukace."

"Ke, tsaya ki ji. Da murya biyu yake magana da wayar. Ɗaya tana tafiya nesa, tana ratsa bango, amma kintace take yi. Ɗayar ita ce mai awo daidai, sai dai tana son fili. Kwanon rufinku ke mayar da ita, ta zaga kafin ta iso wayar, wayar ta ɗauka nisa ne."

"To bayanin zan ba shi ya ci?"

"Bakinki dai! Hau sama, ki wuce kwanon."

Na jingina tsani da tankin ruwa, na ɗaure zane na hau. Matar ɗakin ƙarshe tana ta "Ei, Allah ya kyauta," ban kula ta ba. Ina kaiwa sama lambar ta tsaya cak a uku, wata kibiya ta fito a wayar ta nuna bangon baya. Na leƙa.

Ga kakana zaune a benci a tsakar gidan da ke manne da namu, da kofi a hannu, wata dattijuwa tana yi masa fifita. Ban taɓa shiga gidan ba. Ƙofarsu wani lungu take kallo, sai ka fita titi, ka wuce masallaci, ka tsallake babbar gwata, wato magudanar ruwa, kafin ka kai.

Matar ta ɗago ta gan ni. "Naku ne? Ya ce nan gidan abokinsa ne. Na ga jiki yana rawa, na dama masa shayi da suga."

"Baba, me kake yi a nan?"

Ya harare ni. "Ke me kike yi a can? Sauko, marar kunya. Kuma wa ya toshe ƙofar nan? Sai da na zaga."

Daga baya mahaifiyata ta ce gaskiyarsa. Da akwai ƙofa a bangon, ta nan shi da abokinsa suke kai wa juna shayi. Da abokin ya rasu gidan ya koma hannun wasu, aka cike wurin da bulo.

Ban ce na'urar ba ta da aibu ba. A zango, inda kwano ya fi fili yawa, in ka tsaya wuri ɗaya kana kallon lamba za ta ruɗa ka. Sai ka motsa, ka hau, ka sake aunawa. Kuma ko ta auna daidai, nisa kawai ta sani, ba ta san hanya ba.

Abin da ya tsaya min shi ne gwatar nan da titin da ya bi shi kaɗai. Na san zai koma, hana shi ba ya aiki. Da la'asar na ce wa mahaifiyata gobe zan je wurin mai gidan can, kuma da magini zan tafi.