Shanun Nake Kallo

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Ba zan faɗi sunana ko na kowa ba.

A lokacin da wannan abu ya faru ni mahauci ne a Paraku, ina da teburin nama a unguwar Gema. Asalinmu mutanen Jugu ne, kakanninmu fataken goro ne da suka yada zango a can har suka zama 'yan gari. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, yayana ne ya riƙe ni. Shi fataucin shanu yake yi tsakanin kasuwannin ƙauye, kuma shi ya kama hannuna ya kai ni wurin maigidan da ya koya mini fawa. Tun ina yaro ni mutum ne mai waswasi. Ina sake alwala ba dalili, in na kulle ƙofa sai na dawo daga bakin titi na taɓa kwaɗon. Yaya da matarsa ba sa kirana da sunana, sai dai Malam Waswasi. A cikin sana'ata kuwa babu abin da na fi tsoro irin in sayar wa musulmi mushe ban sani ba.

Muna da wani gurup a waya, mu mahauta da dillalan shanu da direbobin kamiyo, wato manyan motocin kaya, na wajen tashar da ake kira Gar. An buɗe shi ne don labarin kasuwa da na hanya. Amma akwai wata al'ada da ta shigo: in aka yi hatsari, duk wanda ya fara isa wurin sai ya ɗauki bidiyo ya turo, a duba ko akwai wanda ya san mamatan, a gaya wa danginsu, a yi musu sutura da wuri. Niyyar mai kyau ce. Ranar da na fara ganin irin wannan bidiyo ban iya cin abinci ba. Ni da nake cikin jini kullum, ran nan na kasa riƙe wuƙa. Na yi niyyar ba zan ƙara buɗe wani ba, sai waswasi ya ce mini, in fa na gaba ɗan'uwanka ne? Haka na zama mai buɗe kowanne. Dangi a Jugu suka sani. Da an ji labarin hatsari a kowace hanya, Inna, mahaifiyarmu, ni take kira, in na ce babu namu sai hankalinta ya kwanta.

Ban san ranar da abin ya daina damuna ba. Bidiyoyin suka yi yawa, kuma ba na hanyoyinmu kaɗai ba. Ana turo na yaƙi daga ƙasashen da ban san inda suke ba, ana turo ɓarawon da jama'a suka kama a wata kasuwa. Na koma ina kallonsu da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin kwanon sakwara. Na kashe sautin wayar don kukan mutane ya fara gundurata, ga kuma masu sayen nama a gabana. Matata ta taɓa ce mini tana tsoron fuskata in ina kallo, domin ba ta canzawa ko kaɗan. Na ce mata ai ni namiji ne, kuma mahauci.

Sannan idona ya samu wani aikin. Duk mahauci ya san in kamiyon shanu ya faɗi, waɗanda suka karye akan yanka su nan bakin hanya, naman ya bazu cikin kasuwanni da araha. A cikin wannan gaggawa ne marasa tsoron Allah suke sa wuƙa a wuyan wadda ta riga ta mutu, su haɗa da sauran. Wadda aka yanka da rai jininta yana tsartuwa ya yi nisa, wadda ta mutu kuwa ɗan kaɗan ne yake taruwa a ƙarƙashin wuya, baƙi. Sai na zama in an turo hatsarin shanu, wuyan dabbobin nake bi ɗaya bayan ɗaya. In tsayar da bidiyon, in buɗa shi da yatsu biyu, in duba ƙasa. Ina ganin ibada nake yi.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka turo wani daga kusa da Pelebina, a hanyar da ta bar Jugu ta yi kudu. Kamiyo ya kwanta a gefe, shanu a warwatse, mutane kuma an jera su a bakin kwalta an rufa su da zannuwa da ganye. Idona ya faɗa kan wata jar saniya. An yanke wuyanta amma jinin bai gamsar da ni ba. Na yini a kanta. Na maimaita wurin ban san iyaka ba, na yi ta gardama a gurup, na rantse duk naman da ya fito daga wannan ɓangare a makon nan ba zai hau teburina ba, har na fara zargin wasu abokan sana'ata cewa sun riga sun aika a kawo musu. Ana cikin haka Inna ta kira. Ta ce ta ji an yi hatsari, kuma yayana ya tafi kasuwar ƙauye tun shekaranjiya, zuciyarta ba ta kwanta ba. Na ce mata na kalli bidiyon sau da yawa, babu namu a ciki. Na ƙara da cewa Yaya ba ya hawa kamiyon shanu, kuma ba shi da abin yi a hanyar kudu. Ta ce alhamdulillahi, tunda kai ka duba.

Kwanaki suka wuce, wayar Yaya a kashe. Da farko muka ce rashin rezo ne, wato sabis ɗin waya, a daji, domin ya saba yin kwanaki. Da abin ya wuce misali na rufe tebur na tafi Jugu, kuma daga nan na fara zargin kowa. Na fara da abokin cinikinsa, wani Bafulatani dillali da suka yi shekaru tare. Ya ce sun rabu a kasuwa da rana, Yaya ya ji labarin wani garke mai kyawawan bijimai ta wajen kudu, ya ce zai leƙa ya dawo. Yana magana kansa a sunkuye. Na san kunyar Fulani ce, tun ina yaro haka yake magana, amma ran nan na ce rashin gaskiya ne. Na yi ta juya masa tambaya ɗaya ta hanyoyi daban-daban ko zai yi tuntuɓe. Na zargi maƙwabcin da yake yawan zuwa tambayar labari, na zargi wanda bai zo ba ko sau ɗaya. Na zargi matar yayana don na ga tana shara tana girki kamar kullum. Duk baƙuwar lambar da ta shigo wayata sai in ce masu garkuwa da mutane ne. Har Yaya da kansa na zarga, na ce ko yana da wata rayuwa a wani gari da ba mu sani ba.

Na matsa har aka kira Bafulatanin gaban manyan kasuwar shanu. Ya maimaita maganarsa, ya rantse. Da ya ambaci kudu, wani dattijo ya ce to a tuna fa an yi hatsari a Pelebina a wannan tsakanin, ko za a tura wani ya bincika. Ni na rufe maganar. Na ce wannan na duba shi da idona, kada a kawar da hankalinmu daga inda ya kamata. Kowa ya san ni da bin diddigi, ba wanda ya ja. Daga ranar mutane suka rage ba Bafulatanin shanunsu ya sayar musu, ya koma zama shi kaɗai a gindin bishiya a bakin kasuwa.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a tsakar gidan Yaya, matarsa ta ajiye tsintsiya ta zo ta tsaya a kaina. Ita mace ce da ko kaza za a yanka sai ta shige ɗaki, bidiyon mutuwa kuwa ba ta taɓa yarda ta kalla ba.

"Malam Waswasi, nuna mini wannan na Pelebina," in ji ta.

Na ce mata ba abin kallon mata ba ne, kuma na riga na gama da shi. A raina ma cewa na yi, me take so ta ɓoye da wannan? Ta ce ta ji, amma in nuna mata. Na buɗe na miƙa. Ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta, ta ce in kunna sautin. A nan na fara jin muryar mai ɗaukar, yana faɗa da yaren Dendi yana maimaitawa da Hausa cewa an gane direba da mataimakinsa, amma akwai wani bawan Allah da ya tsayar da su a hanya ya hau, ba takarda a jikinsa, fuskarsa kuma ba ta nunuwa, don Allah a yaɗa. Jar saniyar ta bayyana.

"Tsayar," ta ce. "Ba saniyar ba. Ƙasa, bakin zanen."

Ƙafa ce ta leƙo daga ƙarƙashin zane, babu takalmi. Babban yatsan a karkace, ba farce, tun ranar da wani sa ya taka shi a kasuwa ina tsaye a wurin. Ga kaushin dunduniyar da matar Yaya take shafa wa man kaɗe. Tsakanin ƙafar da wuyan saniyar bai kai taku ɗaya ba. Duk lokacin da na buɗa hoton don in duba jini, a kan ƙafar yayana nake ɗora yatsana. Matar Yaya ba ta yi kururuwa ba. Ta miƙo mini wayar, ta zauna a ƙasa, ta yi salati a hankali.

Washegari muka tafi Pelebina. Aka gaya mana hukuma ta yi nata aikin, gawar ta yi kwanaki a ɗakin sanyi ana jiran dangi, ba wanda ya zo. Daga baya musulmin wurin suka nemi izini suka yi masa sutura. Wato duk lokacin da nake titsiye bayin Allah a Jugu, yayana yana kwance yana jiran mu. Tsohon da ya yi masa wanka ya kai mu kabarin. Ya ce ya lura da yatsan, kuma yana wankan yana yi wa uwar wannan baƙo addu'a, duk inda take. Bafulatanin ya biyo mu ba tare da an gayyace shi ba. Ya durƙusa ya yi kuka kamar yaro. Ni na tsaya ina jiran hawaye, ba su zo ba. Abin da ya faɗo mini a rai a bakin kabarin yayana shi ne, ko ina aka kai naman jar saniyar nan. Wannan tunani ya fi komai tsorata ni.

Da muka dawo na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin ƙofa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ka ce mini ka kalla sau da yawa. To me kake kallo?"

Na ce, "Shanun, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da carbinta.

Na je na nemi gafarar Bafulatanin a gaban mutanen da na tara masa. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, amma har yau akwai masu kauce masa. Na fita daga gurup ɗin. Yanzu wanda nake zargi ni ne. Nakan tambayi kaina, shin idona bai ga ƙafar ba ne, ko ya gani zuciyar ce ba ta da sauran abin da za ta amsa da shi? Na yi shekaru ina yanka, wuƙa ba ta taurara mini zuciya ba, domin kowace dabba sai na fuskantar da ita gabas na ambaci sunan Allah, ina jin ɗuminta a hannuna. Waya ce ta yi mini wannan, cikin ɗan lokaci, ina tauna abinci.

Ina roƙon 'yan'uwa, musamman masu cewa sun saba, abin ba ya damunsu. Wannan sabon shi ne ciwon. In ba dole ba, kada ku buɗe. In kuma dole ta sa, don neman wani, to ku ajiye abin da ke hannunku, ku kunna sauti, ku kalli kowane mutum kamar naku ne, domin na wani ne. Ranar da kuka kalli gawa kuka ga bakinku bai daina tauna ba, ku ji tsoron kanku. Kada kuma wanda ya saba da kallo ya zama shi ne idon dangi. Matar da ba ta iya kallon yankan kaza ita ta gane yayana a kallon farko.

Inna tana nan da ranta. Har yanzu in ta ji an yi hatsari hankalinta yakan tashi, ta ɗauki waya ta nemi wanda zai duba mata. Ba ni take kira ba.