Sallamar da Ban Yi wa Dutse Ba

Shekara talatin babanmu ya yi yana jan babbar mota tsakanin Kano da Agadas kafin idanunsa su mutu. Daga nan duniyarsa ta koma tabarma ɗaya a zauren gidanmu na Gyadi-Gyadi. Abokan tuƙinsa duk sun riga mu gidan gaskiya, mu 'ya'yansa kuwa mun ƙoshi da labarin hanya. Da zarar ya ce, "Akwai wani kwazazzabo a bayan Agadas," sai kowa ya tuna yana da uzuri. Ni ne sarkin zamewa.

Da aiki ya tashi kai ni Agadas, Baba ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Ka je min wurin nan." Na ce to.

Ranar hutu na shiga motar masu yawon buɗe ido. Kowa da nasa, ni kaɗai ne ba ni da abokin hira. Muka yi ta keta rairayi, can sai baƙaƙen duwatsu suka miƙe dama da hagu, hanya ta tsuke. A ƙasan kwazazzabon ga ruwa kwance, sanyi kamar na randa. Wurin ya yi kyau har ya ba ni kaɗaici, don na rasa wanda zan ce wa "duba". Sai na zaro waya na yi ta ɗaukar hoto, wai ni mai cika aike.

Sai da adaidaita sahu ta shigo da ni layinmu na tuna wanda zan nuna wa hotunan ba ya gani.

Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye masa tsarabar dabino da cuku. Ko taɓawa bai yi ba.

"Ya amsa?" ya tambaye ni.

"Wa, Baba?"

"Dutsen mana. Mu in mun iso, kashe inji muke, mu sauka mu rangaɗa sallama. Sai ya maido maka da ita, muryarka sak. Ai na sha faɗa muku."

Ya sha faɗa ɗin. Ƙarshen labarin ke nan, ni kuwa ban taɓa zama har ƙarshe ba. Kunya ta rufe ni. Ƙarya ta zo min har baki, na haɗiye ta.

"Ban yi sallama ba, Baba."

Ya daɗe yana shafa bakin tabarma.

"Ba komai," ya ce. "Dama mutane kan ce muryarmu ɗaya da kai. So na yi ya ji kamar na dawo."