Roƙo Ɗaya da Rahama Ta Ɓoye

Duk wanda ya taɓa sayen sukari ko taliya a zauren Rahama, a Gwandu, ya san kaya ba sa tsufa a hannunta. Na tsaya na ƙirga da kaina: katakon da take jera kaya hawa huɗu ne, sabo a baya, tsoho a gaba, abin da ya kusa lalacewa kuwa yana bakin ƙofa, daidai inda idon mai saye zai fara sauka. In ka tambaye ta wa ya koya mata, sai ta ɗaga wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi ta ce, "Wagga."

'Yar Diggi ce, ɗiyar manomi. Rumbu uku mahaifinta ke da su, na ukun ba a buɗe shi sai sabon gero ya fitar da kai, ko da gidan zai wuni a kan tafasa da ƙuli. A haka ta tashi, ajiya ita ce hankali. Aure ya kawo ta Gwandu gidan Muzzammil, mai ƙaramin kanti a bakin kasuwa, suka haifi Jidda da Ibrahim. Da Muzzammil ya rasu a hatsarin babur, a hanyarsa ta dawowa daga Kalgo, sai ta shiga takaba: wata huɗu da kwana goma ba fita, ba kwalli, ba turare. Surukarta Hajjo ta tare a ɗakin, ta ba ta wata 'yar wuƙa, ta ce kada ta rabu da ita ko banɗaki za ta, su ma haka aka yi musu.

Yayan marigayin, Usman, manomi ne a Ceberu. Ranar sadakar bakwai abu biyu ya yi. Ya sa wa kantin kwaɗo ya jefa makullin a aljihu, ya ce dukiyar marayu ce, ko ashana ba mai taɓawa sai an raba gado. Sannan ya tsaya bayan labule, a gaban dangi, ya ce Rahama ta roƙe shi abu ɗaya, ko mene ne, zai yi mata saboda ɗan'uwansa. Mahaifiyarta ta matse mata hannu ta raɗa mata, "Kada ki taɓa roƙon nan. Ɓoye shi sai ranar da za a yi maganar ɗiya."

Kowa ya san maganar. In babu abin da zai ciyar da yaran a Gwandu, Usman zai kwashe su zuwa Ceberu, ita kuma ta koma Diggi ita kaɗai.

Wayar marigayin tare da hularsa aka kawo mata. Gem biyu ne a ciki, wasannin waya waɗanda yake bugawa in kasuwa ta yi sanyi, ita kuma tana yi masa tsiya a kai. Yanzu da bango huɗu suka zame mata duniya, sai ta buɗe su. Na farko na kanti ne: ka saro kaya, ka jera, mutane su yi layi. Abin da ya daɗe a katako sai ya yi ja, ya zama asara. Wanda ya tarar da ƙofarka a rufe sai ya tsallaka kantin da ke kallonka, kuma ba ya dawowa. Na biyu na tsoro ne: an kulle mutum cikin wani tsohon asibiti, gawawwaki na yawo, jakarsa gurbi takwas kacal, ga harsashi, ga magani, sai ya zaɓi abin ɗauka. Akwai ɗaki ɗaya mai fitila da ba sa shiga. A nan Rahama ta fi zama.

Ta tara harsashi goma sha tara da magani uku, ba ta harba ko ɗaya ba. Da wuƙa take faɗa. Kullum kuma a ƙofa ɗaya ake kashe ta, inda wani ƙato ke tsaye, ta faɗi jakarta a cike.

Wata hantsi Hajjo ta leƙo ta kafaɗarta.

"Ke ɗiyar nan, mai takaba da kallon matattu? Naki mamacin bai ishe ki ba?"

"Inna, waɗanga ba su gama mutuwa ba."

"To harbe shi mana! Mi ne amfanin bindigar?"

"Ajiya nike yi. Gaba akwai wanda ya fi shi."

"Kin ga gaban?"

Rahama ta sake tunkarar ƙofar da wuƙa. Ƙaton ya sake kayar da ita, Hajjo ta ja tsaki ta koma kan carbinta.

Lokacin bazara ce, kantin kuwa rufin kwano ne. Maƙwabciyarsu Hauwa'u ke kawo labari ta kan katanga: an fara jin wari ta ƙarƙashin ƙofar, an ga ɓeraye, masu shayin da ke sayen madara wurin Muzzammil duk sun koma wani kanti. Rahama ta ji kamar a wayar ake nuna mata, kaya na yin ja ɗaya bayan ɗaya, ita ko ƙofar gida ba ta da ikon leƙawa. Ta sa Hajjo ta ɗan taɓa wa Usman zancen, don duk Juma'a yakan zo da gero a bayan babur. Ya ce, "Gero shekara biyu shina yi cikin rumbu, mi za ya samu kayan da ke cikin leda?" Ba son zuciya ba ne. Tsoron haƙƙin maraya yake ji, kuma abin da ya sani game da amana shi ne a liƙe bakinta kamar rumbu. Rahama ba ta ga laifinsa ba, da mahaifinta ne ma haka zai yi. Ita ma ai ga ta nan da roƙonta a ƙulle.

Juma'ar da ta biyo baya, da ya yi sallama ya zauna a zaure, ta matso bayan labule.

"Yaya, roƙon nan nawa yana nan?"

"Yana nan, Uwar Jidda."

"Makulli nike so. A kwaso kayan zuwa zauren ga, in riƙa sayarwa daga bayan labule."

Usman ya dafa aljihun da makullin yake.

"Ɗaya fa nac ce. Ranar da anka zauna kan ɗiyan ga, kada ki ce Usman ya yi miki alkawari."

"Na sani."

"Innarki ta Diggi ta san da wanga?"

"Ba ta sani ba."

Sai da ya je wurin liman, aka ce masa abin da zai lalace ana iya sayar da shi a gaban shaida, sannan ya yarda, ya ce Hajjo ce shaidar. Da aka cire kwaɗon, cikin buhun fulawa shida huɗu ƙwari sun gama da su. Madarar gari ta dunƙule kamar dutse, ɓeraye sun haihu a kwalin taliya. Abin da ya tsira sabulu ne, da gishiri, da ashana, da sukari, da jarkar man gyaɗa biyu. Hauwa'u ta ce Usman zama ya yi a kan buhu ya dafe kai yana cewa, "Ni na ɗauka tsaronta nike yi." Shi da kansa ya turo kayan a baro har ƙofar gida.

Sauran takabar, hannun Rahama kaɗai masu saye suka sani, yana fitowa ta gefen labule ya koma. Ta fara da abin da ya kusa lalacewa, ta karya masa farashi, ta aika Hauwa'u ta saro abin da ke fita da sauri kawai. Hajjo na zaune a gefe, carbi a hannu, ido a kan mudu, tana faɗa in an cika shi da yawa. Cikin tsofaffin masu sayen Muzzammil ko rabi ba su dawo ba.

Ranar da ta fita takaba dangi suka zauna kan yaran. Mahaifiyarta ta zungure ta, ita kuwa ba ta da sauran abin roƙo, ta sunkuyar da kai. Usman ya dubi katakon kaya, ya dubi Jidda da Ibrahim suna cin taliya da mai, ya ce, "A bar su zuwa kaka, mu gani."

Kaka ta zo, ya sake cewa zuwa kaka. Har yau ba wanda ya ce mata an bar mata su. Shi ya sa duk Juma'a, da ta ji ƙarar babur a ƙofar gida, katakon take fara dubawa ko akwai gurbin da ya yi fayau.

A wayar kuwa ta wuce ƙaton nan, harsashi bakwai ya ci mata. Bayan ƙofar wani dogon lungu ta tarar, mai duhu, tana da saura goma sha biyu, kuma har yanzu ba ta kai ga wani ɗaki mai fitila ba.